Kilo Bakwai Tsakanina da Auta

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ya dace! Jinina ya dace da na 'yata Auta! Likita ya faɗa da bakinsa, ya kuma miƙo mini takardar na karanta da idona, harafi bayan harafi, yana jirana. An gwada mijinta bai dace ba, an gwada yayanta bai dace ba, sai ni, tsohon mahaucin da aka ce kada ma a wahalar da shi. Salamu alaikum, littafi. Ka yi haƙuri, murna ce ta sa na faɗo maka ba sallama.

Malamar abinci ta asibiti ce ta ba ni kai. Ta ce in riƙa rubuta duk abin da na sa a bakina, da ranar da lokacin. Ta tambaya ko akwai mai rubuta mini a gida. Na ce ni zan rubuta abina. Ina da shekara arba'in da huɗu na shiga ajin yamma, na yi shekara uku ina zuwa da ƙarnin nama a hannu, ba don wani ya riƙe mini biro ba.

Sau ɗaya zan rubuta wannan. Ƙodojin Auta duka biyu sun tsaya tun da ta haihu, wata biyar ke nan. Zan ba ta ɗaya. Amma Likita ya ce ba zai taɓa ni da wannan tumbin ba. Kilo casa'in da bakwai gare ni, casa'in yake so. Ya ba ni mako takwas, a tsakiya kuma za a sake duba jinina.

Kilo bakwai ne kawai. Cinyar rago biyu.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Dafaffen ƙwai biyu, shayi ba sukari, burodi yanka ɗaya. Na dubi farantin, na dubi Tsohuwa, wato matata. Ta ce, "Kada ka kalle ni, Malam. Ga takardar can manne a firij, kai ne mai karatun."

Takardar ta ce abinci mai gina jiki a riƙa sauya shi. Yau ƙwai, gobe kifi, jibi wake, gata kaza ba fata. Wani lokaci kindirmo ba sukari, ko gyaɗa cikin hannu ɗaya. Kowanne kada ya wuce faɗin tafin hannuna. Jan nama sau ɗaya a mako.

Jiya na ce wa Malama, "'Yata, shekara arba'in ina yanka. A wurina wake abincin awaki ne." Ta ce, "To Baba, sai ka yi haƙuri ka zama akuya na mako takwas."

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ranar wankin ƙoda. Na raka Auta. Awa huɗu a jikin na'ura. Wake da rana.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Kaza ba fata, kamar ana tauna tsumma. Kabeji.

Auta da jikata a wurinmu suke zaune, don mijinta direban babbar mota ne, yana kwana biyar a hanya. Ni na sa wa yarinyar Kumatu, sunan kuma ya bi ta. Yau na kwanta a tabarma na ɗora ta a cikina, tana ta dukansa da hannu biyu tana ƙyalƙyala dariya. Tsohuwa ta ce, "Yarinya, ki mori katifar nan da kyau, an kusa kwashe ta." Har Auta ta yi dariya daga cikin ɗaki. Na daɗe ban ji wannan dariyar ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na hau babban sikelin mayanka, wanda muke ɗora ɓarin sa. Casa'in da shida da rabi.

Rabin kilo. Mako guda cur ina cin wake har cikina yana kiɗa, rabin kilo. Na iya lissafi. Rabi sau takwas huɗu ne, huɗu kuwa ba bakwai ba ne.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Tare muka tafi wanki da Auta, ni kaɗai na dawo. Ban ci komai ba.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Sun riƙe ta a asibiti. Abin da na gani jiya a ɗakin wanki ba zan rubuta ba. Mijinta ya bar motar a hanya ya juyo.

Na je kasuwa don kada in zauna ina kallon Tsohuwa tana kallona. Dogo, wanda teburinsa ke manne da nawa shekara ashirin, ya ga na buɗe kwanon wake, ya ce, "Kai wai me ya same ka? Ka taɓa ganin zaki da tumbi? Kuma ka taɓa ganin zaki yana cin wake?" Na yi tsaki, amma maganar ta zauna mini. Ni na san nama fiye da kowace malama. Na san inda kitse yake ɓuya, na san yadda ake fere shi har tsoka ta fito fes. In kitse ne matsalar, ai wuƙa ce maganinsa.

Daga yau ba shinkafa, ba burodi, ba wake. Tsoka zalla, gasasshiya, safe da rana da yamma. Ba ni da mako takwas na lallaɓawa. Ban san ko ita tana da su ba.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe tara na safe

Casa'in da huɗu da rabi! Kilo biyu a kwana huɗu. Na sauka na sake hawa, bai canza ba. Dogo ya ce in riƙa kiransa likita.

Yau ce ranar da Malama ta ce in kai mata littafi. Ban je ba.

Nama da safe. Nama da rana.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Tsohuwa ta ajiye farantin da ƙarfi, ta ce, "Malam, ni ban je ajin yamma ba, amma ina da ido. Layi bakwai ne a takardar can. Duk bakwan nama aka rubuta?" Na ce mata sikeli ba ya ƙarya. Ta ce, "Allah ya sa."

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe uku na rana

An sallamo Auta. Ta miƙa hannu ta karɓi Kumatu, yarinyar ta fashe da kuka tana miƙo wa kakarta hannu. Auta ta ce, "Ba komai, Inna, karɓe ta, dama hannuna ya gaji." Ta juya fuskarta bango.

Nama.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe goma na safe

Casa'in da uku. Kwana huɗu ban zaga ba. Kaina yana sarawa, bakina kuma ni kaina ina jin warinsa. Na ɗauki Kumatu ta kau da kai. Na ce, "Amarya, tun yanzu kin fara guduna?" Tsohuwa ta ce, "Ta fi ni gaskiya."

Saura uku. Ba komai. Saura uku.

Lahadi, 30 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Gobe za a ɗebi jinina. Duk mahauci ya sani, in likitan dabbobi zai zo duba sa da safe, ba a barinsa ya kwana da yunwa. Ana cika masa ciki, ya tsaya da ƙafafunsa, idonsa ya yi haske. Ni ma ba zan je musu da jinin yunwa ba. Na zaɓo tsokar cinya da hannuna, na auna, rabin kilo da ɗan ɗoriya. Na cinye tas. Gobe su ga jinin namiji.

Litinin, 31 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

An ɗiba. Sikelin asibiti ya ce casa'in da biyu.

Na yi karo da Malama a baranda. Ta ce, "Baba, ina littafina?" Na ce na manto shi a gida. Yana cikin aljihun rigata, ina jin kusurwarsa a haƙarƙarina.

Alhamis, 3 ga sabon wata, ƙarfe biyu na rana

Likita bai miƙo mini takardar ba yau. Ya riƙe ta.

Ya ce akwai wata lamba da ke nuna ƙarfin ƙoda, tawa ta haura, ba haka take ba wata guda da ya wuce. Ya ce ba zai cire ɗaya ya bar ni da ɗaya mai rauni ba. Na ce, "Likita, ni na yarda, kawo in sa hannu." Ya ce, "Ni ban yarda ba, Baba." Na ce na rage kilo biyar. Ya ce ya gani, sannu da ƙoƙari. Ya ce za su sa sunanta a jerin masu jira.

Na san jerin. Akwai matar da ke zama a gadon da ke kusa da nata a ɗakin wanki, shekararta huɗu a jerin.

Ban faɗa wa Auta ba.

Juma'a, 4 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Ruwa.

Asabar, 5 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ranar wanki. A hanya Auta ta ce, "Baba, ka yi shiru da yawa." Na ce yunwa ce. Ta ce, "Ka rame, wuyanka har ya fito." Ta gyara mini hula.

Lahadi, 6 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Wata mata ta zo teburina ta ce in ba ta ƙoda. Na ɗauko, na ɗora a katako, na ɗaga wuƙa. Na tsaya. Lafiyayya ce, sumul, ba tabo ko ɗaya. Ban san iya lokacin da na yi ina kallonta ba, sai da Dogo ya zo ya zare wuƙar daga hannuna ya sallami matar. Bai yi mini ba'a ba. Da ma ya yi.

Na rufe teburi na dawo gida. Na faɗa wa Tsohuwa komai a kicin, murya ƙasa-ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Gobe ka kai wa yarinyar nan, Malama, littafinta. In ba ka kai ba, ni zan ɗauka in kai, ta karanta mini abin da ke ciki a gaban mutane."

Litinin, 7 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na kai. Kafin in miƙa na ce, "'Yata, ba abinci kaɗai ne a ciki ba." Ta ce abincin kawai za ta duba. Ƙarya take, na ga inda ta tsaya ta daɗe.

Ta buɗe shafi, ta buɗe wani. "Nama. Nama. Nama. Baba, kwana goma sha takwas?" Na sunkuyar da kai. Da ta zo shafin ranar Lahadi sai ta cire tabarau. "Rabin kilo? Ana gobe za a ɗebi jini?"

Na ce, "Da ɗan ɗoriya."

"Me ya sa?"

Na yi mata bayanin sa da likitan dabbobi. Ta rufe bakinta da hannu, ban san dariya take ko me ba. Sannan ta ce, "Baba, kai ba sa ba ne." Ta ce dafaffen nama mai yawa yana iya ɗaga wannan lambar ko da ƙoda lafiya take, balle ga wanda bai sha ruwa sosai ba. Ta ce ba ta yi mini alkawari ba, mai yiwuwa naman ne, mai yiwuwa ba shi ba ne. Ta ɗauki littafin ta shiga wurin Likita, ta bar ni a benci.

Rabin awa na yi ina ƙirga tayil ɗin ƙasa. Da ta fito ta ce ya yarda a sake, nan da mako biyu, da wani gwajin na daban a kai. Jan nama ko ƙanƙani babu. In koma kan takarda, layi bayan layi. Sauran kilo biyun kuma suna nan, ranar ma tana nan.

Ta ce, "Da ka rubuta wake a inda ka ci nama, da ba ni da abin da zan nuna masa." Na ce mata da wahala na koyi rubutu, ban iya ɓata shi a kan ƙarya ba. Da baki dai na yi mata ɗaya a baranda. Ta ce ta sani, ta ga littafin a aljihuna.

Talata, 8 ga wata, ƙarfe goma na safe

Shekara talatin ni da Mai Kifi muna kallon juna ta tsallaken layi. Ni ina ce masa mai ƙarni, shi yana ce mini mai ƙuda. Ban taɓa taka rumfarsa ba. Yau na taka.

Ya miƙe tsaye ya dafe ƙirji. "Jama'a, ku taho! Yau rana ta ina ta fito? Mai ƙuda, ɓatan hanya ka yi?"

Na ce, "Ba ni kifi, ka rage surutu."

"Wane iri? Ka ma san sunayensu?"

Ban sani ba. Na ce wanda ba shi da mai. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ga yadda rigar ta yi mini yawa, sai ya daina dariya. Ya ce, "Yaya jikin 'yar tamu?" Ashe duk layin an sani. Ya zaɓo da kansa, ya kankare, ya ce a gasa ko a turara, kada mai ya taɓa shi. Da zan tafi ya ɗaga murya ya ce, "Ka kula da ƙaya, ba irin ƙashinku ba ne da ake gani tun daga nesa!"

Faɗin tafin hannu. Da daɗi. Ba zan faɗa masa ba.

Juma'a, 11 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ƙwai jiya, wake shekaranjiya, yau kindirmo da gyaɗa. Ruwa kofi takwas. Na zaga, Alhamdulillahi. Ina goya Kumatu a kafaɗa muna zagaya unguwa da sassafe, sau uku. Ta daina kau da kai.

Litinin, 14 ga wata, ƙarfe tara na safe

Casa'in da biyu. Bai motsa ba. Na cire takalmi, na cire hula, na fitar da makullai daga aljihu. Bai motsa ba.

Dogo yana gasa tsoka a bayan rumfa, iska tana kawo mini. Na tashi na koma ƙarshen layi na ci wakena a tsaye.

Ya Allah. Saura mako biyu.

Laraba, 16 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

A ɗakin wanki, allurai biyu a hannunta, ta ce, "Baba, Inna ta faɗa mini."

Na ce Innarki ba ta iya riƙe magana.

Ta ce, "Ka bari haka nan. Dubi yadda ka koma. In wani abu ya same ka a kaina, da wane ido zan kalli Inna? Ni na saba da na'urar."

Na ce, "Kin saba? Ranar Laraban nan da suka riƙe ki ma sabo ne?"

Ta juya ta kalli na'urar.

Na ce, "Saurara, Auta. Dabbar da na feɗe a rayuwata ba ta ƙirguwa. Kowaccensu ƙoda biyu nake samu a cikinta, ban taɓa sanin dalili ba sai bana. Kuma ba ke zan ba ba, kada ki ɗauka son ki nake. Amaryata zan ba. Tana bukatar mai yi mata kitso, ni ban iya ba, Innarki kuma idonta ya tafi."

Ta yi dariya, ta yi kuka, na'urar ta hau ƙara, nas ta zo ta ce in fita in ina tayar mata da hankalin mara lafiya. Na fita. A baranda na yi nawa.

Kaza ba fata.

Litinin, 21 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

An sake ɗiba. Jiya da yamma ganye da ƙwai ɗaya na ci. Casa'in da ɗaya.

Talata, 22 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Kifi. Ba labari.

Laraba, 23 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Wake. Ba labari. Duk ƙarar waya sai gabana ya faɗi.

Alhamis, 24 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Likita ya miƙo mini takardar! Ya ce, "Karanta da kanka, Baba." Na kasa bin layin, sai da ya sa yatsa ya nuna mini. Lambar ta sauko inda take tun farko. Ɗaya gwajin ma lafiya. Ya ce, "Ƙodarka ta fi hankalinka lafiya." Na ce na gode.

Saura kilo ɗaya, saura kwana huɗu. Na ce wa Malama ko in daina cin abinci gaba ɗaya zuwa Litinin. Ta ce in na kuskura da kanta za ta gaya wa Likita. Ta rubuta mini: Juma'a kifi, Asabar waken suya, Lahadi ƙwai. Ta ja layi biyu a ƙasa.

Litinin, 28 ga wata, ƙarfe goma na safe

Tamanin da tara da ɗigo takwas. Nas ta karanta, na ce ta sake, ta sake. Jibi ne aikin.

Tsohuwa tana ta ninke mini kaya tana warwarewa. Na ce, "Kwana nawa zan yi da kike haɗa mini kamar mai ƙaura?" Ta ce, "Rufe mini baki, Malam." Na rufe.

Asabar, 3 ga sabon wata, ƙarfe huɗu na yamma

Rubutun zai karkace, a kwance nake yi. Gefena kamar an bar wuƙa a ciki. Wanda ya yi ɗinkin dai ya iya aikinsa, na duba.

Ƙodar tana aiki. Likita ya ce tun suna kan teburi ta fara, ba ta jira an gama ɗinki ba. Yau aka yarda na taka. Nas ta riƙe ni ta wannan hannu, surukina ta wancan, muka ja ƙafa har ƙofar ɗakin Auta. Ba a shiga, ta gilashi ake gani. Na same ta zaune, ba jingine ba, zaune, da faranti a cinya. Kumburin fuskar ya saɓe, hancin mahaifiyata ya dawo mata. Ta gan ni ta ɗaga cokali, ta nuna farantin, ta nuna ni, tana motsa baki. Surukina ya ce, "Baba, wai tun da aka sa mata taka take jin kwaɗayin nama."

Na yi dariya har ɗinkin ya ja ni, nas ta ce za ta mayar da ni gado in ban bari ba.

Na ce wa surukina ya kira kowa. Ya kira yayanta da matarsa. Ya kira Dogo ya rufe teburi. Ya kira Mai Kifi, ya ce masa ya yi wanka tukuna. Malama tana hawa na biyu, a hau a gaya mata. Tsohuwa ta kawo mini Kumatu a ɗaga ta saitin gilashin. Daga ƙarfe huɗu zuwa shida ake bari, hawa na uku, ƙofa ta ƙarshe a hannun dama. Ku zo, don Allah, duk ku zo ku ga 'yata tana cin abinci.